Man ƙamshi da tsakuwar ƙoda: Me ya kamata ɗan ci-rani ya aika wa yaro mara lafiya a Lugu?

A TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, tallar man tsirrai ta zama ruwan dare. Ƙananan kwalabe ne masu duhu waɗanda ba su fi tsawon yatsa ba, ɗauke da man na'a-na'a ko na kanumfari ko na ɓawon lemo ko na ganyen bishiyar turare. Masu tallar kan jero cututtukan da suke cewa man na kawarwa, kuma sau da yawa tsakuwar ƙoda na cikin jerin: a ɗiga kaza a ruwan ɗumi ko a cokalin zuma, a sha, wai tsakuwa ta narke ta bi fitsari.

Wanda irin wannan talla ta fi saurin kamawa shi ne mutumin da ke nesa da gida. Ɗan ci-rani a Legas ko Kwatano ko Tamanrasset, an bugo masa waya an ce ɗansa ko ɗan ƙanwarsa na tsala ihu duk lokacin da zai yi fitsari. Hankalinsa ya tashi, ba ya da halin zuwa, ga kwalba mai sauƙin saye da sauƙin bai wa direba saƙo. Niyyarsa ta alheri ce. Sai dai abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da wannan mai a jikin yara ya yi nesa da abin da bidiyon ke faɗa, kuma a ƙauyen da ke nesa da asibiti, yaron ne zai ɗanɗana kuɗar wannan kuskure.

Lugu na ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka. Yana cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari, a gundumar Dogondutsi ta jihar Doso a Jamhuriyar Nijar. Yankin ne ake kira Arewa, ƙasar Arawa, wadda ta haɗa gundumomin Dogondutsi da Tibiri, don haka kada mai karatu a Najeriya ya ɗauka arewacin ƙasarsa ake nufi. An san garin da Sarauniya Mangu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, kuma har yau ana girmama shi a matsayin cibiyar al'adun gargajiya. Ta fuskar lafiya kuwa, matakan da mara lafiya zai taka su ne na kowane ƙauye a Nijar: ƙaramar cibiyar lafiya ta kusa, sannan asibitin gunduma a Dogondutsi, sannan babban asibitin jiha a Doso, in abin ya gagara sai Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 280 daga Dogondutsi.

Tsakuwar ma tana ina?

Idan aka ce yaro yana da tsakuwa, yawancin mutane ƙoda suke kawowa a rai. A ƙasashe masu zafi da ƙarancin abinci mai gina jiki kuwa, likitoci sun daɗe da sanin wata irin tsakuwa da ke haɗuwa a cikin mafitsara kanta, alhali ƙodar lafiya lau take. Ta fi kama yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 5. Alamunta sanannu ne: yaro ya fara fitsari sai ya yanke farat ɗaya saboda tsakuwar ta toshe ƙofa, ya riƙa jan gabansa yana kuka, wani lokaci sai ya kwanta ko ya karkata sannan fitsarin ya ci gaba. Wasu yaran, saboda yawan yunƙuri, har duburarsu kan fito, iyaye su yi ta neman maganin basir.

Wannan cuta ta taɓa addabar Turai. A ƙarni na 18 da na 19, asibitin Norwich da ke Ingila ya yi suna wajen fiɗar 'ya'yan talakawa ana ciro musu duwatsu daga mafitsara, kuma an adana tarin duwatsun sama da dubu. Da abincin yara ya inganta, madara ta wadata, cutar ta kusa ɓacewa daga ƙasar ba tare da an gano wani sabon magani ba. A shekarun 1960, masu bincike biyu, Scott Halstead da Aree Valyasevi, sun bi diddigin cutar a lardin Ubon na ƙasar Tailan, suka gano tana da alaƙa da al'adar bai wa jarirai taunanniyar shinkafa tun suna 'yan kwanaki a duniya, abin da ke rage yawan nonon da suke sha.

Yadda abin ke faruwa shi ne: yaron da abincinsa kusan duk hatsi ne, ba nono ba nama ba ƙwai, yakan rasa isasshen sinadarin fosfet, sai fitsarinsa ya cika da amoniya da gishirin yurik. Idan zawo da zafin rana suka ƙara tsotse ruwan jikinsa, fitsarin ya yi kauri, gishirin ya fara daskarewa, ƙwaya ta hau kan ƙwaya. Wanda ya san Arewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, rumbu ya fara sauka, kunun gero ya zama abincin safe da rana na yaron da aka yaye, zai ga cewa sharuɗɗan duk sun cika. Binciken lafiyar al'umma na Nijar na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nonon uwa zalla.

Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu su yi kama da tsakuwa. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tafkuna, tana sa fitsarin jini da zafi, kuma maganinta ƙwayar praziquantel ce da Nijar ke rabawa 'yan makaranta tun 2004. Ƙwayoyin cuta a mafitsara na sa zafin fitsari da zazzaɓi. Wasu yara maza ana haihuwarsu da wata 'yar tantani da ke toshe hanyar fitsari. Amosanin jini ma na iya sa jini a fitsari. Ba wanda zai iya bambance waɗannan ta waya daga Legas, kuma ba ɗaya daga cikinsu da man na'a-na'a ke warkarwa.

Inda maganar ta samo asali

Adalci ne a faɗi cewa masu tallar ba daga iska suka ɗauko zancen ba. Akwai magani na kanti mai suna Rowatinex, wanda kamfanin Rowa ke yi a garin Bantry na ƙasar Ailan, kuma an shafe gomman shekaru ana rubuta shi ga masu tsakuwa a ƙasashe da dama. Ƙwanso ne mai ɗauke da sinadarai shida na dangin tarfin, irin waɗanda ke ba tsirrai ƙamshinsu, an narkar da su a man zaitun. A Masar ma akwai Proximol, wanda ake yi daga ciyawar da suke kira halfa bar, 'yar gidan nobe mai ƙamshi da mutanen Sahel suka sani.

Gwaji mafi shahara kan Rowatinex shi ne wanda Farfesa Imre Romics da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Hungary, aka wallafa a 2011. Sun raba marasa lafiya sama da 200 gida biyu, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, kuma waɗanda suka sha maganin sun fi samun tsarkaka daga tsakuwa. To amma a lura da abu biyu. Mutanen duk manya ne. Kuma duk an riga an farfasa musu tsakuwar da na'ura, aikin maganin shi ne taimaka wa ɓarɓashin ya fita. Abin da ake zato yana yi shi ne sassauta bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara da ƙara yawan fitsari. Gwajin bai nuna cewa yana narkar da dutse ba.

A ɓangaren yara, hujjar ta fi haka rauni ƙwarai. Rahoton da aka fi ambata shi ne na wani likitan yara a Bagadaza, Aamir Al-Mosawi, a 2005. Yara ƙalilan ya bai wa maganin, babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, kuma shi kansa ya gabatar da sakamakon a matsayin abin da mai yiwuwa ne, wanda ke buƙatar ƙarin bincike. Rashin rukunin kwatanci ba ƙaramin giɓi ba ne a wannan cuta, domin tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba sau da yawa takan fita da kanta idan ana shan ruwa sosai. Wanda ya sha mai a makon da tsakuwarsa za ta fita ko ta halin ƙaƙa, zai rantse man ne ya yi aiki, kuma irin shaidarsa ce ke cika bidiyoyin talla. Tsakuwar da ta haura milimita 10 da wuya ta fita da kanta, ita kuwa ta mafitsara da ta kai girman goro ko ƙwan zabo ba ta da ƙofar fita sam.

Lissafin cokali guda

Ko da an yarda maganin kantin na da ɗan amfani, tsakaninsa da kwalbar kasuwa akwai tazara mai ban tsoro. Kowane ƙwanso na Rowatinex na ɗauke da miligiram 3 na sinadarin siniyol. Man ganyen turare na kasuwa kuwa aƙalla kashi 70 cikin 100 nasa siniyol ne. Ƙaramin cokalin shayi, mililita 5, ya ƙunshi sama da miligiram 3,000 ke nan, wato ya ninka na ƙwanson fiye da sau dubu. Uwar da aka ce ta ba yaro "ɗan kaɗan" a cokali ba ta da hanyar sanin haka, kuma ba laifinta ba ne.

Littattafan likitancin guba sun tabbatar cewa mililita kaɗan na man turare na iya sa yaro layi da barci mai nauyi da jijjiga, har numfashi ya tsaya, kuma alamun kan bayyana cikin mintuna. Kafur, wanda ke cikin mayukan shafawa da yawa, sananne ne wajen jawo jijjiga ga ƙananan yara. Man wintergreen da ake sa wa a maganin ciwon gaɓoɓi ya fi su: cokalin shayi ɗaya daidai yake da kusan giram 7 na asfirin, sama da ƙwaya 20 ta manya. Man kanumfari mai yawa na lalata hanta. Idan kuma yaro ya ƙware ana ɗura masa, man ya gangara huhu, wata cutar ce daban.

Hukumomi sun san da wannan. A 2011 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, bisa buƙatar Faransa, ta hana amfani da magungunan matsi ta dubura masu ɗauke da sinadaran tarfin, irin su kafur da siniyol da mentol, ga yara 'yan ƙasa da wata 30 da kuma duk yaron da ya taɓa jijjiga. Waɗannan fa magunguna ne masu rajista da aka auna a masana'anta. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke sa yara da yawa jijjiga kowace damina, yaran da wannan gargaɗi ya shafa ba kaɗan ba ne.

Sai batun abin da ke cikin kwalbar tun farko. Mafi yawan waɗannan mayuka ana shigo da su ne a matsayin kayan ƙamshi ko na shafawa, ba wanda ya gwada su don a sha, wasu ma an sirka su da abin da ba a rubuta a jiki ba. Afirka ta Yamma ta ga abin da ruwan magani mara tabbas ke yi wa ƙodar yara. A 2008 maganin haƙori na My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya kashe yara 84 a Najeriya. A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya bayan ƙodarsu ta daina aiki, aka danganta lamarin da magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Waɗancan ba man tsirrai ba ne, amma hanyar da suka bi suka isa bakin yara ita ce dai wannan: kwalba mai kyan gani da ba wanda ya bincika cikinta.

Idan har yaro ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin hakan ne ke tura man cikin huhu. A ɗauke shi zuwa cibiyar lafiya nan take, a tafi da kwalbar.

"Ai na gargajiya ne"

Wannan ita ce kalmar da ke kwantar da hankalin masu saye, kuma a wuri kamar Lugu tana da nauyi. Amma man da ake magana a kai bai taɓa zama maganin kakanni ba. Abin da masu maganin gargajiya na ƙasar Hausa suka gada shi ne jiƙo da dahuwar saiwa da sassaƙe da ganye a cikin ruwa, sai turare da shafe. Ba kuma ɗaya yake da man gyaɗa ko man riɗi ko man kaɗe da ake matsowa daga ƙwaya ba. Shi ana samunsa ne ta hanyar tura tururi cikin tulin ganye a tukunyar ƙarfe, a sanyaya tururin, a kwashe ɗan abin da ya taso a sama. Kwalba ta mililita 10 ta man turare kan cinye ganye rabin kilo zuwa kilo guda. Ba wata kaka da ta taɓa bai wa jikanta rabin kilo na ganyen turare a zama ɗaya.

Jiƙon gargajiyar ma ba ya narkar da dutsen da ya riga ya ƙanƙare, kodayake ruwan da ke cikinsa na ƙara fitsari. Kanwa kuma, wadda ake yawan jefawa cikin jiƙo, gishirin sodiyam ce, kuma yawan sodiyam na ƙara kalsiyam ɗin da ke fita ta fitsari, wanda shi ne tubalin yawancin tsakuwar ƙoda.

Illar da ta fi gubar yawan aukuwa ita ce ɓata lokaci. Tsakuwar da ta toshe bututu takan sa fitsari ya taru a baya, ƙodar ta kumbura, kuma cikin makonni tana iya lalacewa ta yadda ba za ta dawo ba. Abin takaicin shi ne ciwon kan lafa a daidai lokacin da ƙodar ke mutuwa, sai iyaye su ɗauka magani ya karɓa. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga bayan toshewar, lamarin na sa'o'i ne. Yaron da ke da zafin fitsari ko ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko mararsa ta kumbura, ba a jira masa ranar kasuwa.

Inda kuɗin ya fi amfani

Abin da ke warware shakka abu biyu ne: gwajin fitsari da hoton ciki, wanda a Nijar ake ce wa eko, a Najeriya sikanin. Hoton ba ya da zafi, ba ya ɗaukar lokaci, kuma zai nuna ko akwai tsakuwa, a ina take, girmanta nawa, da ko ƙodar ta kumbura. Daga nan ne likita zai yanke shawara. Ƙarama ana iya jiranta da ruwa mai yawa da maganin rage zafi, wani lokaci da ƙwayar da ke sassauta bututu. Babba a ƙoda sai an farfasa ta da na'ura, fasahar da aka fara amfani da ita a birnin Munich na Jamus a 1980, ko a shiga da siririn bututu mai kyamara, kuma irin wannan aiki sai manyan asibitoci kamar na Yamai, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ga masu tsallaka iyaka.

Ta mafitsara kuwa ta fi sauƙi. Fiɗa ce tsohuwa da likitan tiyata na gama-gari ya iya, ana buɗe mara a ciro dutsen, kuma irin wadda rashin abinci ke jawowa ba ta cika dawowa ba da zarar an cire ta an gyara cimar yaron. Tsakuwar ƙoda ce ke da halin komowa. Wani bincike a Amurka ya gano kusan rabin yaran da suka yi ta sun sake yi cikin shekara 3, shi ya sa likitoci ke so a adana duk tsakuwar da ta fita, a kai musu, a kuma bincika dalilin haɗuwarta.

Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. A aikace, jinkirin da gwamnati ke yi wajen biyan asibitoci ya sa sau da yawa iyaye kan sayi magani a waje, kuma dokar ba ta biyan kuɗin babur daga ƙauye zuwa bakin titi, ko kuɗin mota zuwa Doso, ko abincin mai jinya na kwana biyar. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne ke hana yara da yawa isa gaban likita, kuma su ne ɗan ci-rani zai iya ɗauke wa iyalinsa da jika 'yan kaɗan. Yana kuma iya neman a ɗauki hoton takardar eko a turo masa ta WhatsApp, ya tabbatar an je.

Sauran aikin na gida ne. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Bayan yaye, kunu ya samu nono ko ƙuli-ƙuli ko wake ko ƙwai gwargwadon hali. Wasu iyaye kan hana yaro madara da zarar sun ji kalmar tsakuwa, suna tsoron kalsiyam, alhali rage kalsiyam a abinci na ƙara haɗarin tsakuwar ne, abin da ya kamata a rage shi ne gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba. Zawo a tare shi da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc tun ranar farko. A lokacin bazara kuma a riƙa miƙa wa yaro ruwa ba sai ya roƙa ba, musamman mai bin dabbobi kiwo ko mai tafiya makaranta a ƙasa, a kuma duba fitsarinsa: idan ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba.